Yadda ake zaɓen sabuwar sarƙa da sifiroket na babur ɗin gudu

Sarƙar babur da farantan nan biyu masu haƙora da take hawa, waɗanda makanikai ke kira sifiroket, tare suke cinyewa, don haka tare ake sauya su. Idan ka ɗora sabuwar sarƙa a kan tsohon haƙori, cikin ɗan lokaci haƙorin zai ja ta ta koma kamar wadda ka cire. Wahalar aikin ba a kwancewa da ɗaurewa take ba. Tana wajen zaɓe, domin kayan da aka saya ba daidai ba sai an kwance babur sannan suke nuna kansu.

Kayan da za ka tanada

Don zaɓe kawai, kana bukatar littafin babur ɗinka, tef na awo mai milimita, ma'aunin kalifa (mai baki biyu, na auna kauri da faɗi) idan kana da shi, alli ko maka ta yin alama, tsumma, da takarda da biro. Lissafin da ke ciki raba lamba ne kawai, wayarka ta isa. Sai abin ɗaga tayar baya, saboda za ka riƙa juya ta da hannu. In babu, ka tura babur gaba kaɗan-kaɗan kana dubawa. Ya fi cin lokaci, amma yana yi.

Idan da kanka za ka ɗaura, ƙara da sifanar soket babba daidai da notin sifiroket na gaba, dogon hannun sifana, sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, na'urar yanke sarƙa da daɓe fil (ƙusar da ke haɗa gaɓoɓin sarƙa), sabon washa mai kulle noti, da man sarƙa.

Gargaɗi tun kafin a fara: inji a kashe, makulli a aljihunka. Kada ka taɓa sarƙa inji na aiki, ko da goge ta kake so ka yi. Tsumma na shiga tsakanin sarƙa da haƙori, yatsu na bin sa.

1. Tabbatar lokacin sauyawa ya yi

Je bayan sifiroket na baya, daidai tsakiyar inda sarƙa ta naɗe shi, ka kama gaɓa ɗaya ka ja ta baya. Lafiyayyar sarƙa da kyar za ta ɗaga. Idan ta ɗago har kana ganin rabin haƙori, ta gama. Dubi haƙoran kuma: sabo kansa a daidaice yake ta ɓangarorin biyu, wanda ya cinye yana yin tsini ko ya lanƙwashe gefe guda kamar ƙugiya. Sai ka juya taya a hankali kana taɓa sarƙar daga ƙasa. In wani wuri ya yi tauri wani ya yi sako-sako, ko wasu gaɓoɓi sun ƙage ba sa miƙewa, ko kana ganin jan ƙura kamar tsatsa na fitowa daga gefen fil, duk magana ɗaya ce.

Awon da ya fi tabbas shi ne na gaɓa 20. Ka miƙar da sarƙar sosai, ka auna daga tsakiyar fil na 1 zuwa tsakiyar fil na 21. A sarƙar da lambarta ta fara da 5 (duba mataki na 2), sabuwa tana ba da milimita 317.5. Iyakar da ake yarda da ita ta danganta da kamfani: littattafan Kawasaki da yawa suna cewa 323, na Suzuki da yawa 319.4. Bi na babur ɗinka. Kuma ka auna a wuri uku ko huɗu, domin sarƙa ba ta cinyewa bai ɗaya.

2. Gano lambar sarƙarka

Goge gefen gaɓoɓin da tsumma. A kan wasu za ka ga an buga lamba: 520, 525 ko 530 a yawancin manyan baburan gudu, 428 a ƙanana. Lambar nan awo ce, ba suna ba ce.

Lambar farko tazarar da ke tsakanin fil da fil ce, a lissafin kashi takwas na inci. 5 na nufin 5/8 na inci, wato milimita 15.875. 4 na nufin rabin inci, milimita 12.7. Lambobi biyun ƙarshe faɗin cikin sarƙa ne, inda haƙori ke shiga: 520 tana da milimita 6.35, 525 kusan 7.9, 530 kusan 9.5. Ka ga ke nan 520 da 525 da 530 tazararsu ɗaya, faɗi ne ya raba su. Nan ne mutane ke faɗawa. Sarƙar 530 za ta zauna a kan sifiroket na 520 kamar ta dace, amma tana da wurin yin lilo hagu da dama, tana cin gefen haƙori. Sarƙar 520 kuwa ba za ta shiga haƙorin 530 ba sam. Dokar guda ce: sarƙa da sifiroket na gaba da na baya, duka ukun lamba ɗaya.

Kada ka dogara da sunan babur kaɗai. Yamaha R6 na 2003 da sarƙar 532 ya fito, na 2006 kuma da 525. Ita 532 ɗin ma rolarta, wato ɗan bututun da haƙori ke kamawa, ta fi ta 530 kauri, ba a haɗa su. Don haka shekarar ƙira tana cikin abin da za ka rubuta a takardarka. Idan babur ɗin na hannu ka saya, gwada abin da littafi ya ce da abin da ke jikinsa, saboda mai shi na farko yana iya sauya komai.

In lambar ta goge, auna faɗin ciki da kalifa, tsakanin farantan ciki biyu. In babu kalifa, cire murfin sifiroket na gaba ka duba jikinsa, sau da yawa akwai lamba a buge.

3. Ƙirga haƙora da gaɓoɓi

Yi wa haƙori ɗaya alama da alli ka ƙirga har ka dawo kansa. Yi haka gaba da baya. Sau da yawa an buga adadin a jikin sifiroket, amma ƙirga da kanka bai fi minti ɗaya ba.

Gaɓoɓi kuwa, fil ake ƙirgawa, kowane fil gaɓa ɗaya. Masu koyo suna ƙirga farantan waje kawai su sami rabin adadin, su ce sarƙarsu 57 ce alhali 114 ce. Adadin kullum cika yake, ba mara ba: 108, 110, 112, 114 da sauransu. In ka sami mara, ka yi kuskure, sake ƙirgawa.

Kafin ka tashi daga wurin, dubi inda sandar tayar baya take a cikin ramin da ake ja da ita. Auna milimita nawa suka rage ta gaba, nawa ta baya. Za ka bukaci wannan a mataki na 5.

4. Yanke shawara: adadin haƙoran asali ko sauyi

Nan ne ya kamata ka daɗe. Raba haƙoran baya da na gaba. Babur mai 16 a gaba da 45 a baya, kamar R6 na 2006, yana ba da 2.81. Ma'anarsa sifiroket na gaba sai ya juya sau 2.81 kafin taya ta juya sau ɗaya. Idan lambar ta ƙaru, babur zai fi saurin tashi da ja, amma inji zai fi juyawa a kowane gudu, kuma iyakar gudun kowace giya za ta ragu. Idan ta ragu, inji zai samu sauƙi a doguwar hanya, tashi kuma ya yi nauyi. Ƙarfin inji bai ƙaru ba, bai ragu ba. Wurin da yake fitowa ka matsar.

Ga yadda lissafin ke tafiya da 16/45. Cire haƙori ɗaya a gaba, 15/45, ka sami 3.00. Bar gaba yadda yake ka ƙara uku a baya, 16/48, shi ma 3.00. Shi ya sa ake cewa haƙori ɗaya na gaba kamar uku ne na baya. Sauyin da aka fi yi a baburan 600 (masu injin cc 600), wato rage ɗaya a gaba da ƙara biyu a baya, yana ba da 15/47, wato 3.13.

Don ka san yadda abin zai kasance a kan hanya, raba sabuwar lamba da tsohuwa. 3.13 a kan 2.81 ya ba da kusan 1.11, ƙarin kashi 11 cikin ɗari ke nan. A ce injinka yana juyi 5,000 a minti a giyar ƙarshe idan kana kilomita 100 a awa. Bayan sauyin zai koma kusan 5,570 a wannan gudun. Da 15/45 kuwa kusan 5,330. Kana iya ɗanɗana wannan ba tare da ka sayi komai ba: hau hanyar da ka saba, ka riƙe inji a kan sabon adadin juyin na minti goma a giya ta biyar, ka ji ƙarar da karkarwar a hannunka da ƙafarka. In ta ishe ka a minti goma, tuna cewa da ita za ka zauna kullum, kuma mai zai fi tafiya.

Ra'ayina, wanda ke hawa cikin gari da hanya mai yawan kwana, ƙarin haƙori biyu a baya ya ishe shi, musamman a babur ɗin 600 da ba ya farkawa sai inji ya hau sama. Mai babur ɗin 1000 ba shi da dalilin ƙara ja a kan titi, giyar farko ma ta riga ta fi ƙarfin titin, ƙari sai dai ɗaga tayar gaba ba shiri. Mai yawan doguwar tafiya ya bar na asali. In kana shakka, sayi na asali. Kuma in za ka sauya, sauya gefe ɗaya tukuna, ka hau ka ji, don ka san wanne ya yi me.

Akwai abubuwan da ke biyo bayan sauyi waɗanda ba a cika faɗa wa mutum ba. Na farko agogon gudu. Idan babur ɗinka daga cikin giya yake karanta gudu, sauyin kashi 11 zai sa agogo ya ƙara ƙarya da kashi 11, kuma kilomitocin da yake tarawa su ma su ƙaru. Ana gyara wannan da ƙaramar na'ura irin SpeedoHealer. Idan daga taya yake karantawa, kamar yawancin masu birkin ABS, ba abin da zai taɓa shi. Na biyu, ƙaramin sifiroket na gaba yana sa sarƙa ta yi lanƙwasa mai tsanani, kuma yana saukar da ita kusa da robar da ke kan hannun tayar baya, sai robar ta cinye da wuri. Shi ya sa na fi son ƙari a baya a kan ragi a gaba, kuma ba na rage fiye da ɗaya. Babur irin Ninja 400 da ya zo da 14 a gaba, a baya nake yin duk wani sauyi. Na uku wuri: babban sifiroket na gaba yana iya gugar jikin inji ko murfi, babba na baya yana iya taɓa marfin sarƙa.

  

5. Lissafa tsawon sarƙa

In ba ka sauya haƙora ba, sayi adadin gaɓoɓin da ka ƙirga, shi ke nan.

In ka sauya, riƙe wannan: a sarƙar da ta fara da 5, kowane haƙori ɗaya da ka ƙara, gaba ko baya, yana jawo taya gaba da kusan milimita 4. Kowane ɗaya da ka rage yana mayar da ita baya da haka. Ƙarin gaɓa biyu kuma yana mayar da taya baya da kusan milimita 16. To, rage ɗaya a gaba da ƙara biyu a baya ƙarin haƙori ɗaya ne a jimla, milimita 4 kacal, tsawon asali yakan isa. Ƙarin uku a baya milimita 12 ne, a nan sai ka duba awon da ka yi a mataki na 3. Amma ka tuna da tsohuwar sarƙa ka yi awon, wadda ta riga ta miƙe. Sabuwa da kanta za ta jawo taya gaba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi mai gaɓa 120 ka yanke daidai a jikin babur. Doguwa ana rage ta. Gajeriya kuwa kada ka yarda a ƙara mata guntu da gaɓar haɗi biyu. Wajen yankewa, matsar da taya kusa da gaban ramin, ka bar sauran wurin ta baya don ja nan gaba. Ƙirga sau biyu kafin ka tura fil.

6. Zaɓi irin sarƙa da irin ƙarfe

Babur ɗin gudu da ke hawa titi sarƙa mai zoben roba yake so. Zoben yana tsakanin farantai, yana riƙe man da aka sa a cikin fil tun daga masana'anta. A jikin kwali za ka ga harafin O ko X, siffar yankan zoben ke nan. Mai X ya fi rage guga, kuma yawanci ya fi daɗewa. Sarƙa marar zobe ta filin tsere ce da ƙananan babura, a babban babur ba ta jimawa.

Lamba ɗaya ba ta nufin ƙarfi ɗaya. Akwai 520 da aka yi don babur ɗin 250, akwai 520 da aka yi don na 1000. Kamfanoni irin DID, RK, EK da Regina suna rubuta girman injin da kowace sarƙa ke ɗauka. Duba wannan kafin launi. Sarƙa mai ruwan zinariya ado ce kawai.

Daga nan ne maganar komawa 520 ke fitowa, wato mai 525 ko 530 ya sauya duka ukun zuwa 520 don rage nauyi. Nauyin yana raguwa, gaskiya ne, kuma a filin tsere yana da amfani. A kan titi da wuya ka ji bambanci, siririn haƙori kuma ya fi saurin cinyewa. In za ka yi, sayi saitin da aka haɗa musamman don babur ɗinka, saboda kaurin gindin sifiroket na gaba shi ke sa sarƙa ta tsaya a layi ɗaya da na baya.

Na gaba kullum baƙin ƙarfe ne. Na baya akwai baƙin ƙarfe, akwai alminiyom. Alminiyom ya fi sauƙin nauyi, ya fi saurin ƙarewa, kuma in ya ƙare sarƙar yake ja su tafi tare. Ga mai hawa kullum, baƙin ƙarfe. Akwai na tsakiya irin na Supersprox, ciki alminiyom, haƙora baƙin ƙarfe.

Na gaba na asali sau da yawa yana da roba a gefensa don rage ƙara. Wanda ba shi da ita yana aiki lafiya, sai dai za ka ɗan ƙara jin kukan sarƙa.

7. Gwada sabo da tsoho kafin ɗaurewa

Adadin haƙora da lamba sun dace, amma sifiroket na iya ƙin shiga. A na baya duba yawan ramukan kusa, tazararsu, da faɗin ramin tsakiya. A na gaba duba tsagin da ke cikin rami, waɗanda ke kama sandar giya, da kaurin gindi. Ɗora sabo a kan tsoho, ka leƙa ta ramukan. Lura da fuskar da ke kallon waje a tsohon kafin ka cire shi, ka ɗauki hoto. Sifiroket mai gindi a gefe ɗaya in aka juya shi, sarƙa ta bar layi.

Gaɓar haɗi iri biyu ce: mai kilif da wadda ake daɓe kan fil ɗinta. A babur ɗin gudu mai daɓewa ake sawa. Kuma dole ta zama ta wannan sarƙar, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, domin kaurin fil ya bambanta ko da lamba ɗaya ce. Sayi guda biyu. Wanda bai taɓa daɓewa ba yakan matse ta farko har kan fil ya tsage ko gaɓar ta ƙage. In ba ka da na'urar daɓewa, kada ka yi da guduma. Kai wa mai ita. In dole ta sa ka saka mai kilif don ka kai babur can, rufaffen kan kilif ɗin ya kalli inda sarƙa ke tafiya, ka tafi a hankali.

8. Abin da za ka kiyaye ranar ɗaurewa

Sassauta notin sifiroket na gaba tun tsohuwar sarƙa na nan, wani ya taka maka birkin baya. Na taɓa yanke sarƙa da farko don gaggawa, na dawo kan noti ba abin da ke riƙe sandar, sai da na mayar da tsohuwar na ɗaure bakinta da waya kafin ya motsa. Haka wajen ɗaurewa, sai sabuwar sarƙa ta hau sannan za ka yi ɗaurin ƙarshe, da adadin da littafi ya faɗa, da sabon washa.

Tunda sai ka cire taya, duba robobin da ke cikin gindin sifiroket na baya. In ka riƙe taya sifiroket na motsi gaba da baya, sun mutu, kuma za su riƙa fizgar sabuwar sarƙa. Duba robar kan hannun taya, da ko mai na zuba a bayan sifiroket na gaba.

Sakin sarƙa a yawancin baburan gudu yana wajen milimita 25 zuwa 35 a tsakiyar layin ƙasa, amma ainihin adadin yana kan takardar da aka manna a hannun taya ko cikin littafi, tare da bayanin ko a kan jak ake aunawa ko a ƙasa. Wadda ta yi tauri ta fi wadda ta ɗan saki ɓarna, domin idan babur ya nutsa a kan rami sarƙa tana ƙara ɗaurewa, nauyin ya koma kan sandar giya. Daidaita alamun hagu da dama, sannan ka tsuguna a baya ka kalli sarƙar daga sifiroket zuwa gaba ka ga ta miƙe. Bayan fitar farko ka sake auna sakin, ka dubi gaɓar haɗi, ka sa mai tun sarƙar na da ɗumi.